Iyakar da ya ɓuya a bayanta

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da ya tafi neman abinci wata ƙasa mai nisa. Aikin guga yake yi a wani gidan wanki, yana tsaye cikin tururi, hannu ɗaya kan dutsen guga, ɗayan kan waya. Bakinsa kuwa ya fi dutsen zafi.

A unguwarsu ta gida akwai wata ungozoma da ta taɓa yi masa faɗa a gaban mutane saboda ya daina kiran mahaifiyarsa. Ya riƙe ta a zuciya. Wata rana ya ɗauko hotonta daga zauren hirar dangi, ya watsa wa duniya, ya rubuta cewa tana musanya jarirai. Kafin wani lokaci mata sun daina kiranta. Wasu har jifar ƙofarta suka yi.

Ta kai ƙara. Kotun ƙasarsu ta ce ko da a waje aka yi rubutun, a gida ya ci mutuncinta, don haka za ta saurari shari'ar. Kotun ta ba da umarnin a kama shi duk ranar da ya sauka gida.

Yayansa ya kira shi: "Kai, ka goge abin nan, ka roƙe ta gafara. Ta ce za ta janye."

Ya kwashe da dariya. "Yaya, dokar can ba ta da fasfo. Ta zo nan ta same ni!"

Ya kuwa tambayi wani lauya, aka tabbatar masa a inda yake babu mai taɓa shi. Ya ƙara miƙe ƙafa. Kaico! Shin wanda ya rufe ƙofa don kada a shigo masa, ya tuna cewa shi ma wata rana zai so fita?

Sai ciwo ya kwantar da mahaifiyarsa. Aka ce masa, "Inna sunanka kawai take kira." Ya haɗa jaka, ya tuna filin jirgi da ankwa, ya sauke. Ya sake haɗawa, ya sake saukewa. Girman kai ya hana shi kiran ungozoma, tsoro ya hana shi hawa jirgi.

Yana cikin guga yayansa ya kira shi ta bidiyo. A wayar nan da ya yi ƙazafi da ita ya ga an fito da mahaifiyarsa a makara. Ya tambaya cikin kuka wa ya yi mata wanka.

"Ungozoma," in ji yayan. Mai guga ya kashe wayar.

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana can har yau, ba a ɗaure shi ba, amma ba shi da hanyar gida. Lauyoyi na iya jayayya kan dokar wace ƙasa za a bi. Akwai kotun da ba a tambayar daga ina ka rubuta, kuma yatsunka ne za su ba da shaida. Allah ya kiyaye mu da abin da hannayenmu ke aikawa. Amin.