Ɗaki Yadda Aka Same Shi

An yi wani mai gidajen haya, Alhaji Mamuda, wanda ko ƙusa bai taɓa saya wa gidajensa ba. Da wani ɗan hayarsa, Sallau kafinta, ya yi wata uku bai biya haya ba, sai Alhaji ya liƙa masa takarda a ƙofa: ya fita kafin Juma'a, ya bar ɗakin daidai yadda ya same shi, in ba haka ba a ƙwace kayan aikinsa.

Sallau ya kai takardar gaban mai unguwa, aka kira Alhaji.

"Ranka ya daɗe, na yarda," in ji Sallau. "Yau zan kwance kwanon rufi, don da na shigo, sararin Allah ne rufina. Gobe in cire ƙofa da taga, jibi in farfasa daɓen siminti."

Alhaji ya zabura. "Kai! Gidan nawa za ka rushe?"

"Haba Alhaji, ai hannunka ne ya rubuta. Abu ɗaya ne ya dame ni, ɓeraye. Na tarar da su sun fi talatin, na kashe su duka. Sai a ba ni wata shida in yi kiwon wasu, kada a ce na ci amana."

Mai unguwa ya danne dariya, ya ce, "To Alhaji, in ya mayar da shi haka, wa zai kama ɗakin?"

"Wane mahaukaci ne zai kama kango?" in ji Alhaji a fusace.

"Ni ne mahaukacin," in ji Sallau, "kuma shekara huɗu kuɗin ɗaki kake karɓa a kan kango. Ranka ya daɗe, yanzu wa ke bin wani?"

Alhaji ya lalubi takalmansa ya fice, ko sallama bai yi ba.