Makullin Koriyar Baba Ilu

Wani yanki na labarin nan ya suɓuce mini, gara in faɗa muku tun kafin mu yi nisa. Na manta shekarar, na manta sunan ango, har wata magana mai daɗi da wani mai shayi ya yi a wurin, ita ma ta tafi. Amma launin motar yana nan a idona. Ku matso.

A Funtua aka yi wani direba, Baba Ilu, mai wata Fijo koriya, kore mai duhu irin na ganyen mangwaro bayan an ɗauke ruwa. Sabuwa ya saye ta a wata kakar auduga mai albarka. Shekara talatin ita ke kai amaren unguwa ɗakunansu, ita ke kai masu naƙuda asibiti, ita ke raka alhazai filin jirgi. Ni ma ta taɓa kai ni Zariya jarrabawa, ina baya tsakanin buhun barkono da wata tsohuwa mai addu'a a kowace kwana. Baba Ilu bai haifi namiji ba, amma ya yaye yaran mota uku: Tanimu, Lawandi da Shitu. Lokacin da abin nan ya faru duk sun yi furfura, kowa da sana'arsa.

Da gwiwa ta gaza, sai tsohon ya ajiye motar gindin darbejiyar ƙofar gida, ta shekara goma sha ɗaya a nan. Duk jajibirin Sallah yakan fito da tsumma ya shafe ta da man gas, don ƙauna. Takan yi ƙyalli kwana biyu, sannan ƙasa da gashin audugar injin gurza su manne a man, ƙaron itace da kashin tsuntsu su sauka a kai, rana ta gasa. Wata Sallar ya ƙara wani shafen bisa wancan. A haka koriya ta koma launin toka.

Sai auren jikarsa Hajjo ya tashi. Ta zo ta durƙusa gabansa ta ce, "Tsoho, tunda ka kasa riƙe ni, a motarka za a kai ni gidan wanda ya ƙwace maka, kamar yadda aka kai Innata."

Ya ce, "Ke da kika sake ni, ki kuma hau motata? Je ki, na ji."

Bakanike ya tashi inji cikin wuni guda, amma jikin motar abin kunya ne. Aka ce a kira mai fenti ya fesa mata sabo. Baba Ilu ya ƙi. Ya ce motar da aka fesa ba ita ce ta kai uwar Hajjo ba. Ya aika aka kira mutanensa uku, ya ce musu, "Saura kwana tara. In ta fito da launinta na asali, wanda ya fito da shi ya ɗauki makulli. In ba ta fito ba, a kira 'yan gwangwan su yanka ta, kada in ƙara ganinta a haka."

Tanimu ne ya fara, shi da yake da wurin wankin motoci a bakin dam. Ya ɗora tafinsa a bonet ya ji kamar bangon da ba a yi wa yaɓe ba, ya tuna ranar da ya fara wanke ta, yana ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Maƙwabta suka kawo soso da sabulun gari za su taya shi dirza, ya hana. Ya ce kowace ƙwayar ƙasa da ke jikin nan, in aka ja ta da soso, zane za ta bari. Ya sa aka tura motar cikin rumfa, ya jiƙa buhunan algarara ya lulluɓe ta, yana zuba ruwa a kai har dattin ya yi laushi ya zame da kansa. Ƙaron darbejiya da ruwan ɗumi ya narkar da shi, ɗigo bayan ɗigo. Kwaltar da ke ƙasan ƙofofi ya sa mata ɗan kananzir ya wanke nan take. Sannan ya zura hannunsa cikin leda marar kauri yana shafa jikin motar, don ta cikin leda yatsa na jin tsakuwar da ido bai gani. Kwana uku ya yi a haka. Da ya gama motar ba ta ƙyalli ko kaɗan, amma babu ƙwayar ƙasa ɗaya a jikinta. Da ba don shi ba, duk wanda ya zo da man gogewa, da yashin jikinta zai goge ta.

Sai Lawandi, mai shagon fenti da kayan mota a kasuwa. Ya zo da gwangwani biyu na folish, wato man goge fenti, ɗaya mai kaushi, ɗaya matsakaici. Mutane suka ce ya sa mai kaushin a bi da injin gogewa, kafin la'asar an gama. Shi kuwa ya zagaya bayan motar. Ya kwance lambar baya, inda ido ba zai gani ba, ya gwada mai kaushin a wuri kamar faɗin kwabo. Shafa huɗu, sai ga jan shafen da ke ƙarƙashin fenti ya leƙo. Ya ɗaga tsumman ya nuna musu, ya yi kore shar. Ya ce motocin yanzu akwai wani ruwa mai kama da gilashi da ake fesawa bisa launinsu, shi ake gogewa. Wannan kuwa ba ta da shi, duk abin da ka goge jikinta ka cire, kuma abin da ya rage bai kai kaurin fatar albasa ba. Ya gwada matsakaicin, shi ma ya ci da yawa. Ya rufe shago ya hau mota zuwa Kano, ya dawo washegari da wani ɗan gwangwani mai laushi kamar man shanu. Ya bi duk wani kaifi na bonet da ƙofofi ya manna salatif, don a nan fenti ya fi saurin ƙarewa. Da ba don shi ba, da an wayi gari da jar mota mai dabbare-dabbare.

Saura kwana huɗu, ga man mai laushi ba ya aiki sai da hannu, a hankali. Tanimu ya gwada, kafin azahar kafaɗa ta riƙe. Lawandi ko awa bai yi ba. Sai Shitu ya sauko daga babbar motar da yake ja zuwa kudu, ya ba wani lodinsa, ya yayyaga tsohuwar rigarsa ta auduga. Wuri kamar faɗin tafi yake ɗauka, ya murza, ya share, ya karkata kai ya duba, ya matsa gaba. Daga hantsi zuwa faɗuwar rana, salla kaɗai ke tashinsa. Yatsunsa suka yi kore, suka saluɓe, ya naɗe su da ƙyalle ya ci gaba. Kuma ya san inda ake tsayawa. A saman ƙofar direba, inda gwiwar hannun Baba Ilu ta kwanta shekara talatin, ya shafa sau biyu ya ɗauke hannu, ya bar wurin da ɗan dusashewarsa. Da ba don shi ba, da ranar biki ta zo ta iske rabin mota kore, rabi toka.

Ranar kai amarya aka turo ta waje. Tanimu ya ga tsofaffin matan unguwa sun bar tukwane sun fito, wata ta dafa ƙofar baya ta ce a nan ta zauna ranar nata auren. Baba Ilu ya zagaya motar da sandarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallon farin gemunsa a jikin ƙofa. Ya ciro makulli, ya dubi mutanensa.

Tanimu ya ce, "Baba, ni na tono ta daga ƙarƙashin shekara goma sha ɗaya."

Lawandi ya ce, "Ka tono, amma ba don ni ba, da masu injin gogewa sun feɗe ta a gabanka kana riƙe da bokiti."

Shitu ya buɗe tafukansa ya ce, "Kai gwangwani ka ɗauko, malam. Duba nan."

Suka yi dariya, amma babu wanda ya ɗauke ido daga hannun tsohon.

Daga nan ne abin ya rikice mini, don na daɗe ina zaton an ba ɗaya daga cikinsu. Bara na je Funtua ta'aziyya, na nemi Hajjo, yanzu har da 'ya'yanta, na tambaye ta. Ta tabbatar mini cewa ba a ba kowa ba. Baba Ilu da kansa ya shiga ya ja motar, a hankali ƙwarai, har masu ɗauke da kayan ɗaki a ka suka riga amarya isa. Ya rasu bayan wata biyu da makullin a aljihu, wasiyyarsa kuma ita ce dai maganarsa ta farko: a ba wanda ya fito da launin. Ta ciro makullin daga cikin adakarta ta nuna mini.

To, ku da kuka ji, tsakanin wanda ya wanke, da wanda ya zaɓi man, da wanda ya goge, hannun wa Hajjo za ta saka wa makullin nan?