Bulon Gida Na Huɗu

Tsaya in tambaye ka, mai karatu: idan aka damƙa maka ginin wanda ya taɓa tozarta ka, aka ce kai za ka kula da shi, kuma babu idon da ke kanka, me za ka yi? Kada ka yi saurin amsawa. Karanta tukuna.

Akwai wata mata mai wanki da guga, kowa Maman Tagwaye yake kiranta. Shekara huɗu da suka wuce tana zaune a ɗaki ɗaya na haya, ita da mijinta da 'yan matanta biyu da mahaifiyarta, Inna, wadda ɓarin jikinta ya shanye.

Rana ɗaya mai gidan ya ce zai mayar da ɗakunan shaguna, ya ba kowa mako guda ya tashi. A lokacin mijinta yana kwance da ciwon ƙirji. Ta durƙusa wa wakilin mai gidan, ta roƙe shi ya ƙara musu ko da wata ɗaya ne.

Wakili ya juya ya tafi. Washegari da hantsi ya zo da sukundireba, ya kwance ƙofar ɗakin, ya zuba kusoshin a aljihu, ya ɗora ƙofar a ka.

"In iska ta ishe ku kwa tashi," in ji shi.

Tsakiyar damina ce. Kwana tara suka yi da zani a bakin ƙofa, feshin ruwa yana isa har kan katifar marar lafiya. Bayan sun tashi da mako uku mijin ya rasu.

Tun daga nan Maman Tagwaye ba ta taɓa matse riga ba tare da ta ga wuyan Wakili a hannunta ba.

To, sai ga wata ƙungiyar Kirista da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su gina gidan kansu. Tsarinsu abin sha'awa ne. Ba sa tambayar addininka, kuma ba sa miƙa maka makulli kana kwance. Kowane iyali sai ya sa guminsa, kuma ba a gidansa kaɗai ba: kowa yana yi wa kowa gini har a gama duka.

Aka zaɓi iyali goma, har da nata. Gida na tara ne ya faɗo mata, can saman tudu.

Ranar farko, fasto yana addu'ar buɗe aiki, ta ɗan buɗe ido ɗaya. Wa za ta gani a layin gabanta? Wakili. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ashe mai gidan nan ya sayar da gidan, shi ma an watso masa kaya waje. Gida na huɗu aka ba shi, a shimfiɗaɗɗen wuri, kusa da famfo da bakin hanya.

Ko "amin" ba ta jira ba, ta nufi matar da ke kula da iyalai, wadda suke kira Anti.

"Anti, kun san ko wane ne wancan?"

"Mun sani, Maman Tagwaye. Da bakinsa ya gaya mana."

"Kuma kuka ba shi gida? Gida mai ƙofa?"

"Ba waliyyai muke nema ba, masu bukata muke nema."

Ta juya ta nufi wurin aiki.

A wurin ake buga bulo, ana jera na kowane gida daban, da lambarsa a jikin allo. Shugaban magina, wani dattijo mai barkwanci da ake kira Baba Magini, shi ke raba aiki. Ya dubi hannayenta da sabulu ya cinye, ya yi dariya.

"'Yata, ke da ruwa ai kun zama dangi. Ban ruwan bulo naki ne. Safe da yamma, kwana goma sha huɗu. Ki ji ni da kyau: bulo in kin hana shi ruwa ba ya kuka, ba ya kai ƙara. Shiru zai yi miki, sai bayan damina biyu ya rama."

Kowa ya yi dariya. Ita kuwa wani abu ne ya yi mata daɗi a ƙirji, irin daɗin da rabonta da shi tun ranar da aka kwance ƙofar nan.

Ta shayar da tulin bulon gidan farko har ruwa ya kwanta a ƙasa. Na biyu, na uku, haka. Da ta zo na huɗu sai ta tsoma hannu a bokiti, ta yayyafa wa layin sama da gefe-gefe, yadda duk wanda ya wuce zai ga jiƙe yake. Na ciki kuwa ko ɗigo.

"Sha iska," ta ce wa bulon a hankali. "In ta ishe ka ka tashi."

Kwana goma sha huɗu tana haka, ba fashi. Abinci ma ya fara yi mata ɗanɗano. Inna har ta tambaye ta, "Ke kuwa wane albishir aka yi miki, kike waƙa a kan guga?"

Gini ya tashi. Baba Magini yana zagaye gida goma, masu sa bulo kuwa yawancinsu 'yan sa-kai ne, babu wanda ya lura. Aka yi rufi, aka shafe bango da siminti, ɓarnar ta shige ciki ta ɓuya. Ranar fenti ita da kanta ta nemi a sa ta a gida na huɗu. Tana shafawa tana hango daminar da bangon zai buɗe baki, Wakili ya tsaya a tsakar ruwa da katifa a ka.

Kullum sai ya gaishe ta. "Sannu da aiki, Maman Tagwaye."

"Aikin ya ji," take cewa, ko kallonsa ba ta yi.

Saura mako guda a raba makullai, aka ce kowa ya kawo iyalinsa su ga gida. Maman Tagwaye ta goyo Inna a baya, ta hau matakala goma sha ɗaya zuwa gida na tara, tana tsayawa tana haki. Ba ta san akwai mai kallonta ba.

Bayan kwana biyu Anti ta tara su a ƙarƙashin rumfa.

"Akwai canji ɗaya. Mai gida na huɗu ya roƙi a yi musanya da na tara, kwamiti kuma ya amince."

Wakili ya miƙe, yana murza hula a hannu.

"Ni ba iya magana na yi ba. Na ga yadda ta hau da tsohuwa. Ni ƙafafuna lafiya suke. Abin da na yi mata ba ya gyaruwa, na sani. Amma Inna ta riƙa fita shan hantsi ba sai an goya ta ba."

Wurin ya ɗauki tafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Maman Tagwaye kuwa bulon da ta hana ruwa ne ya faɗo mata a rai.

Da aka watse ta shiga gida na huɗu ita kaɗai. A ɗakin ajiya akwai inda ba a shafe ba. Ta tsinci ƙusa, ta karta bulon. Yashi ya zubo mata a kan ƙafa kamar busasshen biredi. A bayan wannan bangon ne gadon Inna zai zauna. A ɗakin gaba, tagwaye.

Zuciyarta ta ce: mene ne abin wahala? Ki ce ba kya son kyautarsa. Kowa zai fahimta. Ya koma gidansa, damina ta yi aikinta.

Wallahi ta yarda da shawarar. Har ta juya za ta fita ta faɗa wa Anti. Sai ta kama ƙofar ɗakin, ta ji ta buɗe ba ƙara, an sa wa maƙalanta mai. Ta lura ta fi sauran ƙofofin faɗi, kuma an sassabe dokin ƙofar ya yi daidai da ƙasa, yadda keken marar lafiya zai wuce. Wakili ne ya yi, jiya, da hannunsa.

Ta daɗe a tsaye, tana jin haushinsa fiye da kullum, don ya hana ta ko da daɗin ƙiyayyar. Sannan ta leƙa waje.

"Baba Magini! Zo da gudumarka."

Bugu ɗaya ya yi, bulo ya tarwatse. Ya dube ta, dariyar nan tasa babu ita.

"'Yata, kwana nawa?"

"Duka goma sha huɗun, Baba."

Ta faɗi komai a gaban kwamiti, ba ta rage ba. Wasu suka ce a cire sunanta. Wakili ne ya sake miƙewa.

"In za a cire wanda ya cuci wani a nan, da ni za a fara."

Ba a cire ta ba. Amma dole a rushe gida na huɗu har tushe, a buga sabon bulo. Iyali tara suka karɓi makulli. Ita kuwa ta koma ɗakin hayarta mai yoyo, ta sake cin wata damina tana tara ruwa a kwanuka, tagwaye suna tambayarta, "Mama, mu yaushe?"

Ranar rushewa ta zo da bokitinta don ban ruwan sabon bulo, ta tarar da Wakili a bakin gida na huɗu da sukundireba, yana kwance ƙofar don kada ta lalace. Hannun nan ne, ƙarar nan ce, karo na biyu yana cire mata ƙofa.

Ya gama, ya jingine ta a inuwa. Sai ya zo ya buɗe tafin hannunta, ya zuba mata kusoshin.

"Riƙe a wurinki. Ranar da aka gama, ni zan mayar da ita."

Ta damƙe su har suka huda mata fata.

"Ban yafe ba tukuna, Wakili."

"Na sani," ya ce. "Kawo bokitin, ni zan ɗebo, ke ki zuba."

Darasi: Ramuwa ba ta san lambar gida ba. Ɓarnar da ka ɓoye don maƙiyinka, mahaifiyarka da 'ya'yanka ne za su iya kwana a ƙarƙashinta. An cuce ka, gaskiya ne, kuma ba dole ne ciwon ya warke yau ba, amma kada ka bari ya taɓa amanar da aka ba ka. Idan akwai wani aiki da kake yi wa rabin ban ruwa saboda haushin wani, koma ka gyara shi yau. Sannan ka tura wannan labarin ga mutum ɗaya da ka san yana riƙe da wani a zuciya.