Dattijon da Ya Ƙone Harawar Soja

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani manomi, dattijo a ikkilisiya. Idan ya miƙe zai yi addu'a, mata sukan gyara goyo, don sun san za a daɗe a tsaye. Mabuɗin majami'a a aljihunsa yake kwana. Dattijo kowa yake ce masa, har an kusa manta sunansa na yanka.

Gonarsa tana iyaka da ta wani tsohon soja. Mutumin nan ya tafi yaƙi yana saurayi mai zuwa sujada, ya dawo ya ce babu Allah. Ba ya faɗa da kowa a kan haka. In an matsa masa sai ya ce ya ga abin da ya gani, bai kuwa ga wanda ya sauko ya hana ba. Duk abin da Soja ya mallaka a duniya sa ne guda na huɗa, wanda yakan haɗa da na wani su ja garma da damina. Da kaka ya tara harawar wake dami dami, ya ɗora a kan wata bishiya a bakin gonarsa inda awaki ba za su kai ba. Ita ce abincin san har ruwa ya sauka.

A ƙauyen nan akwai al'ada. Ba ka cinna wa sassabe wuta kai kaɗai. Sai ka share iyaka da fartanya, ka kira maƙwabcin gonarka, ku tsaya da ɗanyen reshe a hannu har wutar ta mutu. Ko yaro ya san wannan.

Dattijo ma ya sani. Amma ya ƙi jinin ya je ƙofar Soja ya ce, "Zo ka taimake ni." Mutumin da yake yi wa wa'azi, ya koma yana roƙonsa? Wata rana da bazara ya tara karan gonarsa, ya dubi sama, ya ce a ransa iska ba ta da ƙarfi, ya ƙyasta ashana. Wuta tana cikin ci sai ya tuna lokacin taron addu'a ya yi, ga mabuɗi a aljihunsa, mutane suna tsaye a rana suna jiransa. Ya ce aikin Ubangiji shi ne gaba, ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Yana cikin majami'a iska ta juya. Wutar ta bi busasshiyar ciyawa ta haye iyaka, ta kama bishiyar, ta cinye harawar Soja ƙurmus.

Da Dattijo ya koma gona sai ya ga baƙar toka ta miƙe daga tarin karansa har gindin bishiyar. Ya duba gabas da yamma bai ga kowa ba. A nan cikin tokar ya durƙusa ya yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Ya ce, "Ya Uba, na yi zunubi, ka gafarta mini saboda Ɗanka." Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi, ya share fuska, ya bi ta wata hanya zuwa gida don kada ya wuce ta ƙofar Soja.

To, Dattijo yana da harawa. Rumfarsa cike take, har ta fi ƙarfin tumakinsa. Sai dai ya lissafa cewa ranar da ya ɗauki dami ya nufi gidan Soja, ranar ce gari zai san wanda ya sa wutar. Mai mabuɗi, mai doguwar addu'a, ya karya abin da ko yaro ba ya karyawa. Wannan kunyar ce ya kasa haɗiyewa.

Matarsa ta lura. Tana miƙa masa tuwo ta ce, "Maigida, wutar nan ba daga wajenmu ta tashi ba kuwa?"

Ya ce, "Na riga na kai maganar gaban Ubangiji, ya kuma gafarta mini."

Ta ce, "To shi san fa? Jiya na gan shi, haƙarƙarinsa duk a waje."

Ya ajiye lomar ya ce, "Ke, abin da jinin Yesu ya wanke, ke ce za ki tono shi?"

Ta kwashe kwano.

Bazarar ta yi tsawo. Soja ya bi daji yana sassaro ganye, ya roƙi dusa gida gida, ya sayar da agogonsa ya sayo 'yar ciyawar da ba ta kai ko'ina ba. Kullum Dattijo yana ganinsa ta kan danga, yana jan san zuwa rijiya, su biyun suna tafiya a hankali. In abin ya soke shi sai ya shiga ɗaki ya sake yin addu'a, ya fito da sauƙi. Ran Lahadi kuwa muryarsa ce ta fi ta kowa a waƙa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas sa'ad da san ya kwanta. Aka tara maza aka ɗaga shi, ya tsaya kaɗan ya sake zubewa. Aka kira mahauci kafin ya mutu a banza, ya duba ya ce fata ce kawai da ƙashi. Haka san ya mutu.

Mutane suka je yi wa Soja jaje, Dattijo ma ya bi su, don rashin zuwansa zai ja magana. Ya same shi zaune a kan turmi, igiyar san tana hannunsa. Ya gyara murya ya ce, "Maƙwabci, sai haƙuri. Haka Allah ya nufa."

Soja ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ce, "Dattijo, toka ba ta ƙarya. Tun ranar na bi sawun wutar har tarin karanka."

Mutane suka juya suna duban Dattijo.

Soja ya ce, "Ban kai ka wurin mai gari ba. Na ce mutumin nan kullum yana gaya mini akwai mai ganin abin da aka yi a ɓoye, bari in ga ko shi ya gaskata. Kowace safiya ina duban ƙofarka." Ya naɗe igiyar a hannu. "Da ni na ƙone taka, da na kawo maka tawa a ka, don ni ba ni da inda zan kai laifi in ajiye. Kai kana da wurin ajiya. Ka ji daɗinka, Dattijo."

Ya tashi ya shige ɗaki. Washegari ruwa ya sauka, kowa ya fita da garma, Soja ya fita da fartanya.

Ma'anar wannan misali ita ce. Kun sha ji ana gardama a kan wanda ya fi ɗaukar nauyin abin da ya aikata, mai bi ko wanda ya ce babu Allah. Masu cewa babu Allah suna yi mana dariya, suna cewa mu kam mun samu hanya mai sauƙi: ka yi ɓarna, ka durƙusa, ka tashi da tsabta. Abin da ke ci mini rai shi ne ba daga iska suka ɗauko wannan magana ba. A gidajenmu suka gan ta.

Soja mutumin kirki ne, ba zan rage masa ba. Amma alƙalinsa zuciyarsa ce kawai. Ranar da ta gaji ko ta yi barci, in ba idon mutum a wurin, ba mai sake kiransa. Mai bi ba shi da irin wannan ranar hutu. Ko gona ba kowa, akwai wanda ya gani. Zai amsa a gaban Allah, zai amsa a gaban maƙwabcinsa, ga kuma sunan Almasihu a kansa, duk inda ya zubar da mutunci ba nasa kaɗai ya zubar ba. Kayanmu ya fi nasu nauyi nesa ba kusa ba. Mu ne dai muka koyi sauke shi a bakin majami'a.

Dattijo bai yi kuskure ba da ya durƙusa a cikin toka. Kuskurensa shi ne da ya tashi ya bi ta wata hanya. Allah yana gafartawa, gaskiya ne, amma yana yi ne domin tsoro ya sake ka, ka iya tsayawa a ƙofar wanda ka cuta ka ce, "Ni ne." Wanda aka yafe masa a sama, me ya rage da zai ji tsoro a ƙasa? Dattijo ya karɓi gafara ya mai da ita maganin barci, yana sha duk lokacin da lamirinsa ya motsa. Ubangijinmu ya koya mana mu fara shiryawa da ɗan'uwa kafin mu kawo baiko, wato sadaka, gaban Allah, mu kuwa mun juya abin, muna kawo baikon don kada mu je wurin ɗan'uwan.

Ina baƙin ciki da san, amma na fi baƙin ciki da mai shi. Mutumin ya yi bazara guda yana duban ƙofar Kirista ko zai ga dalilin gaskatawa, bai gani ba. Yanzu wa zai je ya yi masa wa'azi? Da wane baki?

'Yan'uwa, a cikinmu akwai wanda ya taɓa iyakar gonar wani, akwai wadda bakinta ya raba aure, an kuma yi addu'a a kai an ce an samu salama. Wanda aka cuta bai samu ba tukuna. In ka san akwai ƙofar da kake kauce wa, kada ka jira waƙar rufewa. Tashi yanzu ka tafi, ba wanda zai ce ka fita sujada da wuri.