Malamin Da Ya Ɗauki Ƙishin Wani

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, shekarun baya. Malam Hambali sunansa, yana koyarwa a makarantar harhaɗa magunguna. Idan aka zo darasin ciwon ƙoda, ba ya tsayawa a allo, sai ya kwashi ɗalibansa zuwa asibiti, ɗakin masu wankin ƙoda.

To, ku saurara. A ɗakin nan akwai wani dattijo manomi, Baba Tanimu. Ƙodarsa ta daina tace ruwa, likita ya auna masa 'yar kwalba ɗaya, ita ce ruwansa na yini. Baba ba ya kiyayewa. Kullum ya dawo ƙafa a kumbure, numfashi da ƙyar. Likita ya ce in ya ci gaba, ruwan nan zai cika masa huhu.

Wani ɗalibi mai rawar kai ya hau shi da faɗa: "Baba, haƙuri kawai za ka yi!"

Dattijo ya dube shi, ya dubi malamin, ya ce, "Malam, mai azumi yana jiran magariba. Ni wace magariba nake jira?"

Jama'a, maganar nan ta soki Malam Hambali. Shekara da shekaru yana koyar da a rage ruwa, a rage ruwa, bai taɓa ɗanɗana abin da yake faɗa ba. Ya ce, "Baba, daga yau zuwa wankinka na gaba, abin da likita ya auna maka shi zan sha."

Kuma lokacin bazara ne. Washegari aka gayyace shi suna, aka ajiye masa zoɓo mai sanyi, kofin har zufa yake. Baba Tanimu yana gani? Ba ya gani. Ɗalibai suna wurin? Ba sa wurin. Ya ce a ransa, Allah yana gani, ya ture kofin. Matarsa ta ce, "Malam, wannan wace irin wahala ce?" Ya ce, "Alkawari na yi."

A cikin ƙishin nan ya gane abin da ya daɗe yana karantawa. Ya sa aka rage gishirin miya, ƙishi ya sassauta. Ya tsotsi 'yar ƙanƙara, ya kurkure baki ya zubar.

Ranar wanki ya koma da ɗalibansa, leɓɓansa a tsage. Ya zauna bakin gado yana faɗa wa Baba dabarun ɗaya bayan ɗaya. Baba bai kalli komai ba sai leɓɓan nan. Hawaye ya zubo masa, ya ce, "Ɗana, tunda ka iya saboda ni, zan iya saboda kaina." Kuma ya iya, kumburi ya sauka.

To 'yan'uwa, darasin ke nan: kada ka ɗora wa mutum kayan da ba ka taɓa jin nauyinsa ba. Kai da ke da mara lafiya a gida, kana shan ruwan sanyi a gabansa kana ce masa ya yi haƙuri, ka ji tsoron Allah. Yau in ka koma, ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi inda abin ya fi yi masa wuya, ka ɗauke masa ko kaɗan ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu iya.