Hitar Motar Dallatu

Akwai wani direba a ƙauyen Rijiyar Ɗinya, tsakanin Ɗanbatta da Bici, ana ce masa Dallatu. Yana da wata farar a-kori-kura 'yar Kwatano, kuma ita kaɗai ce motar haya a garin.

A shekarun nan da fetur ya yi tashin gwauron zabi, har aka koma auna gero da gwangwani, motar nan ita ce gonar Dallatu, ita ce rumbunsa. Ran kasuwa ya loda buhuna da awaki a baya, mutum biyu a gaba, ya ja. Abin da ya samo da shi ake ɗora tukunya a gidansa.

Dallatu ba mugun mutum ba ne. Cutarsa ɗaya ce, bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ko dalilin da ya hana jirgin sama faɗowa ka tambaye shi, sai ya gyara zaman hula ya yi maka bayani har la'asar.

Wata rana da bazara, irin zafin da ko ƙadangare inuwa yake nema, ya ɗauki hanyar Ɗanbatta. A gaba akwai wata tsohuwa, Inna Kaltume, ta rungume ƙwaryar man shanun da za ta sayar. Ba su yi nisa ba sai iska mai zafi ta fara busowa daga kafofin gaban motar, tana dukan ƙafa da fuska.

Motar dama daga ƙasar sanyi ta fito, tana da hita, abin ɗumama ciki. Tun da Dallatu ya saye ta bai taɓa kunna hitar ba. Ya murɗa maɓallin ya kai shi wajen shuɗi, alamar sanyi. Zafi. Ya mayar wajen ja. Zafi. Ya tsayar a tsakiya, duk kanwar ja ce.

Inna Kaltume ta ce, "Ɗan nan, murhu ka hura a motar?"

Ya ce, "Inna, zafin gari ne kawai."

Ta ce, "Shekara saba'in ina shan zafin gari, bai taɓa biyo ni ta ƙarƙashin zane ba."

Kafin su isa kasuwa man shanun ya narke ya zama ruwa, rabi a ƙwarya, rabi a zanen Inna. Ta sauka tana tsiyaya, ta rantse ko a jaki ne za ta koma gida.

Da yamma Dallatu ya tsaya a gindin ɗorawar bakin gari ya buɗe bonet. A nan wani dattijo, Baba Mati, yake gyaran kekuna. Kowa ya san ya daɗe yana aiki a wani garejin Kano kafin ciwon baya ya dawo da shi gida.

Baba Mati ya taso da sandarsa ya ce, "Malam Dallatu, na ji an ce hita ce ta maƙale. Ka bari in leƙa ƙarƙashin gaban nan mana."

Dallatu ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Baba, wannan fa mota ce, ba ta da feda. In sarƙarta ta faɗi zan aiko a kira ka."

Masu zaman gindin bishiya suka yi dariya. Baba Mati ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya koma kan facinsa.

Daga nan Dallatu ya shiga gyara da kansa.

Ran farko ya ce injin ne ke jin ƙishi. Ya juye lagireto, ya cika shi da ruwan randa mai sanyi. Aka yi tafiya kaɗan, zafi ya dawo kamar an aike shi.

Rana ta biyu ya ce wuta ce ta haɗu. Ya dinga zare fis ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, hon ya mutu, fitilar hagu ta mutu, rediyo ya yi shiru, hita kuwa tana nan daram. A kasuwa sai dai ya leƙo da kai ta taga yana ihu, "Hanya! Hanya!"

Rana ta uku ya ce ƙarfi take so. Ya kama maɓallin da filaya ya murɗa iya ƙarfinsa. Sai ji ya yi ƙas! Wani abu ya tsinke a ciki, maɓallin ya koma juyawa kamar farfela.

Sai ya toshe kafofin da tsummoki. Zafin ya bar fuska, ya tattara gaba ɗaya ya koma ƙafa.

Matarsa Zuliha ta fito shanya ta wuce ta gefen motar, ta tsaya tana shinshina. Ta ce, "Malam, ni fa ƙamshin gyaɗa nake ji a motar nan, kamar ana suya. Kuma kullum a gindin rumbu kake ajiye ta."

Ya ce, "Ke komai sai kin kai shi kicin. Wannan aikin maƙiya ne, an ga ina samu."

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. Gaban mota da a da ake rububi, yanzu ko kyauta ba mai shiga. Mutane suka gwammace su zauna a baya da awaki. Wasu ma suka koma hawa babur, aka sa wa motar suna Tanda. Tuwon gidan Dallatu ya fara ƙanƙancewa. Zuwa Kano wajen bakanike kuwa, man zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya hana shi barci.

Ana cikin haka sai ga wata dama. Alhaji Balarabe, babban ɗan kasuwar hatsi na Bici, yana neman motar da za ta riƙa kwaso masa buhuna daga ƙauyuka har zuwa faɗuwar damina. Ya aiko cewa Dallatu ya zo ya ɗauke shi su zaga, ya ga lafiyar motar da idonsa.

Zuliha ta ce, "Don Allah ka je wajen Baba Mati kafin ka tafi."

Ya ce, "In taga na buɗe ai iska ce za ta yi ta shigowa. Ba zai ma lura ba."

Alhaji Balarabe mutum ne mai jiki. Ya fito cikin babbar riga ta shadda mai sitaci, yana ƙamshin turare. Ya cika kujerar gaba shi kaɗai. Da suka hau hanya ya kama hannun gilashi zai sauke, hannun ya cire ya biyo shi. Gilashi ya tsaya a rufe.

Alhaji ya fara cire hula. Can ya tuɓe babbar riga. Can ya tuɓe ta ciki, ya saura daga shi sai singileti, gumi na zuba kamar an kwara masa bokiti.

Ya ce, "Dallatu, me ke faruwa a motar nan?"

Dallatu, wanda shi ma idonsa ya yi ja, ya ce, "Alhaji, haka Turawa suka yi ta. Tana kashe ƙwarin hatsi."

Alhaji ya ce, "To ni ba hatsi ba ne. Tsaya!"

A baya ya ƙarasa tafiyar, a kan buhun dusa, yana riƙe da rigarsa a hannu, mutanen ƙauyuka na gaishe shi suna sunkuyar da kai don kada ya ga dariyarsu. Da suka koma Bici ya sauka, ko sallama bai yi ba.

Dallatu ya dawo gida jiki a sanyaye, ƙafa a gashe. Ya daɗe zaune a ƙofar gida. Da aka yi sallar la'asar sai ya tada mota ya nufi gindin ɗorawa. Jama'a na nan zaune kamar kullum. Ya sauko, ya cire hula, ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, a nan na yi maka rashin kunya, a nan kuma na zo ka yafe mini. Ban san abin da ke damun motar nan ba."

Wani daga cikin mazauna wurin ya ce, "Ku shaida, yau Dallatu bai sani ba!"

Baba Mati ya ce, "Tashi, ba komai. Miƙo mini sukundireba."

Ya kwanta a hankali saboda bayansa, ya zura kai ƙarƙashin gaban motar ta gefen fasinja. Ya ce, "A cikin akwatin nan akwai wata 'yar ƙofa. In ta rufe, iska mai zafi ba ta shigowa. Maɓallin da ka karya waya yake ja, wayar ta ja ƙofar. Yanzu ga wayar ka tsinke ta. Amma tun kafin nan wani abu ne ya tokare ƙofar, don ko da hannu ta ƙi motsi."

Ya kwance murfin akwatin. Sai ga gyaɗa na zubowa, shaaa! Da ɓawo, da auduga, da guntun tsumma, har da rabin hular da Dallatu ya daɗe yana zargin an sace masa. Kafin kowa ya yi magana wani ƙaton ɓera ya yi tsalle ya faɗa cikin rigar Dallatu ta wuya.

Ranar mutanen Rijiyar Ɗinya suka ga rawar da ba a taɓa yi ba ko a gidan biki.

Da ƙura ta lafa, Baba Mati ya share akwatin tas. Ya ɗauko wayar birkin keke daga cikin kayansa, ya maye gurbin wadda ta tsinke, ya mayar da kowane fis mazauninsa. Aka tada mota, aka murɗa wajen shuɗi, sai ga iska mai daɗi.

Washegari Dallatu ya koma Bici. Ya tarar da Alhaji Balarabe a ƙofar sito cikin 'yan kasuwa. Alhaji ya zura hannu ta tagar direba ya sa a kafar iska, ya ji sanyi, ya ce, "Wane injiniya ne ya gyara? Ko kai ne, tunda ka san komai?"

Dallatu ya girgiza kai. Ya ce, "Ba ni ba ne, Alhaji. Ni ɓatawa na ƙara yi. Mai gyaran keken garinmu ne. Ɓera ne ya yi rumbu a ciki."

Aka kwashe da dariya, Alhaji har da hawaye. Da ya nutsu ya ce, "Jiya na ba wani aikin ƙauyukan gabas, wannan ya wuce ka. Amma wanda zai iya faɗin wannan magana a gaban mutane, zan iya ba shi amanar buhuna. Ka ɗauki na yamma."

Dallatu ya yi godiya, ya buɗe ƙofa da murna ya ce, "Alhaji, shigo mu zaga ka ji yadda ta koma."

Alhaji ya ja da baya ya ce, "Buhuna dai su shiga. Ni kam na tuba."

Darasi: Kada ka raina mutum don ƙanƙantar sana'arsa, sau da yawa maganin damuwarka yana hannun wanda kake wucewa kullum ba ka gaishe shi. Cewa "ban sani ba" ba ya rage wa kowa daraja, girman kai ne ke mayar da ƙaramar matsala babba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san bai taɓa rasa amsa ba.