Garken Shanu a Filin Guduma

Hammawa dillalin shanu ne a unguwar Abatuwa da ke Jos, kuma shi ne jagoran magoya bayan Bijimai, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mahauta da 'yan kara, wato kasuwar shanu. Mutum ne mai kyauta da faran-faran. Idan Bijimai suka ci wasa shi ke yanka rago, idan za su fita waje shi ke ɗaukar hayar mota, saboda haka a taronsu ba a tsallake maganarsa. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, shi kuma ya riƙe ta kamar 'yar da ya haifa. Sai dai yana da hali guda da ya ɓata masa duk wannan kirki: abin da duk ya fito daga hannun Guduma, ƙungiyar masu sana'ar hannu ta Nasarawa Gwom, to a wajensa ba shi da kyau tun kafin ya gan shi. Ko cewa ɗan Guduma ya yi masa ana sanyi a Jos, sai ya cire rigar sanyinsa don ya nuna ƙarya ne.

A shekarar 2005 labari ya bazu cewa Guduma za su gina filin wasa nasu na kansu. Wani dattijo ne ya ba su aron tsohon filin haƙar kuza a bayan gari, wuri mai jar ƙasa da tsakuwa, wanda ko ƙaya ba ta son fitowa a cikinsa. Ranar da labarin ya iso teburin mai shayi na Kwararafa, inda masoya ƙwallo ke haɗuwa da safe, Hammawa ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Filin wasa? Su Guduma?" in ji shi, yana share hawaye. "Da wane kuɗin? Wane attajiri ne ya tsaya musu? Wane ɗan siyasa? 'Yan walda da kanikawa da masu buga bulo ne za su gina sitadiyam? Ku bar ni in sha shayina!"

Wani direban tifa da ke goyon bayan Guduma ya ce, "Ai ba kuɗi za a tara ba, Oga. Kowa abin da ya iya zai kawo. Ni yashi zan kai, 'yan walda su yi raga da ƙofa, masu bulo su tada katanga."

"To wa ya zana muku taswirar? Wane injiniya? Ku dai faɗi gaskiya, wasu ne suka samu hanyar cin abinci. Za a kafa allo, a ɗauki hoto, shi ke nan an gama."

Mutane suka yi ta dariya, domin Hammawa ya iya magana, kuma a gaskiya an sha ganin allunan ayyuka a garin da suka tsufa a tsaye ba a aza ko bulo ɗaya ba. Da a nan ya tsaya, da ba wanda zai ga laifinsa.

Ba a daɗe ba shugaban Guduma ya zo har kara ya same shi. Sunansa Ikenna, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda aka haifa a Jos, ya girma yana buga ƙwallo da Hammawa a lungu ɗaya kafin kowa ya kama ƙungiyarsa. Ya tsallake kashin shanu da fararen takalmansa, ya miƙa hannu.

"Oga Hammawa, sannu da kasuwa. Yaya madam da yara?"

"Lafiya lau, Oga Ikenna. Sa za ka saya na bikin buɗe sitadiyam?"

Ikenna ya yi murmushi, ya ƙyale zolayar. "Taimako na zo nema. Ƙasan wurin nan ya mutu, ka sani. Mun shuka ciyawa, bai kama ba. Dattawa sun ce sai shanu sun kwana a kai rani guda, su zuba taki. Kai kana da shanu, mutanenka suna da shanu. Ka kawo su su zauna. In fili ya tashi, Asabar ɗaya namu, Asabar ɗaya naku. Ba haya, ba komai."

"Wato Bijimai su zama 'yan haya a gidan Guduma."

"Haba, Oga! Ba haya na ce ba, rabawa. Kuma ka ji abin da kwamitin gasa suna faɗa. Sun ce lokaci na zuwa, duk kulob da ba shi da fili mai ciyawa da katanga, ba rajista. Wannan wurin da kuke bugawa bayan Abatuwa, dutse ne zalla. Yaron ku nawa ya karye a can?"

"Tun ina saurayi kwamiti ke wannan waƙar," in ji Hammawa. "Ka je ka nemi masu shanun da za su yarda a yi wasa da hankalinsu. Ko garke goma aka zuba, wannan ƙasa ba za ta yi ciyawa ba."

Ya faɗi haka da ƙarfi don 'yan kara su ji, suka kuwa ji, suka yi shewa. Ikenna ya sa hularsa ya tafi.

Abin takaicin shi ne Hammawa ya san ba gaskiya ya faɗa ba. A ruga ya fara wayo, kafin mahaifinsa ya dawo da su cikin gari. Da idonsa ya sha ganin manoma suna roƙon mahaifinsa ya sauke garke a gonar da ta gaji, damina na zuwa kuma gonar ta farfaɗo kamar ba ita ba. Da ya koma gida yana ba matarsa Murjanatu labari cikin alfahari, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube shi.

"Baban Lubna, kai da bakinka ka ce taki ba ya tada ƙasa?"

"Wannan ƙasar kuza ce, daban take."

"Gonar Kawu da ke bakin kududdufi fa, ba ƙasar kuza ba ce? Ba shanunku ne suka gyara ta ba? Ka dai ce ba ka son aikin ya yiwu, amma kada ka ce ba zai yiwu ba."

"Ke me kika sani a harkar ƙwallo?"

"Ban san ƙwallo ba," in ji ta, "amma na san kashin shanu, kuma na san ka."

Ya tashi ya bar mata ɗakin, ko abincin bai gama ci ba.

A taron Bijimai na wannan makon, kyaftin ɗinsu Zubair, wani mahauci mai sanyin magana, ya miƙe ya ce shi dai yana ganin a karɓi tayin. Ya nuna tabon da ke gwiwarsa, ya ce yara sun gaji da faɗuwa a kan tsakuwa. Hammawa bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya yi ta kwarara bayani: babu kuɗi, babu taswira, babu injiniya, dattijon da ya ba da filin zai ƙwace abinsa, Guduma so suke a yi musu aikin banza su kuma su kwashi suna. Daga ƙarshe ya ce duk ranar da Bijimai suka taka wannan fili, to su nemi wani mai yanka musu rago. Aka watse a kan an ƙi.

Guduma ba su tsaya jiransa ba. Suka je wurin Ahmadu, ɗan baffan Hammawa, makiyayi mai garke a bayan duwatsu, shi kuwa ya amsa nan take, don ga kududdufi kusa, ga wurin kwana a sarari. Wata ƙaramar ƙungiya ta Kwararafa, wadda ko rigunan kirki ba ta da su, ta ce ita ba ta da shanu amma tana da hannuwa, 'yan wasanta suka riƙa zuwa duk Asabar suna tsince duwatsu.

Wannan rani Hammawa ya sha daɗinsa. Har acaɓa yake hawa ya je ya leƙo filin don ya samu abin faɗa a teburin mai shayi.

"Na je sitadiyam jiya," zai ce. "'Yan wasa sun cika fili, kowa da ƙaho biyu. Mai tsaron gida wata jar saniya ce, ba ta bari komai ya wuce!"

Da ya haɗu da Ahmadu a kara, ya ce masa, "Yaya Ahmadu, kai ma ka bari 'yan birni sun mai da kai abin dariya?"

Ahmadu ya ce, "Shanuna suna shan ruwa, suna kwana lafiya. Kai dai ka jira ruwan sama, tunda ka manta abin da ka sani."

Ruwa ya sauka, shanu suka tashi. Aka kawo tarakta ta juya ƙasar, matan unguwa da 'yan wasa suka bi layi suna dasa ciyawar kiri-kiri da suka ciro daga bakin rafi. Kafin tsakiyar damina wurin ya yi shar. Hammawa ya daina hawa acaɓa zuwa can, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce ciyawa ai ko a juji tana fitowa, a nuna masa katanga. Katanga ta tashi, rabi a wannan shekara, rabi a ta gaba, don masu bulo sai sun sami sarari suke bugawa. Ya ce to ina wurin zaman 'yan kallo? Kafintoci suka haɗa benci hawa-hawa a gefe guda, 'yan walda suka rufa masa kwano. Ba wani katafaren gini ba ne, kuma gefe ɗaya na katangar ya ɗan karkace. Amma fili ne, mai ciyawa, mai ƙofa.

Sai kwamitin gasar unguwanni ya yi abin da ya daɗe yana faɗa. Bayan wani ɗan wasa ya fasa kai a filin tsakuwa, aka sanar cewa daga kakar da ke tafe, ƙungiyar da ba ta nuna filin gida mai ciyawa da katanga ba, ba za a sa sunanta ba. Bijimai suka bazama nema. Makarantun da ke da fili duk wasu ƙungiyoyi sun riga su kamawa. Babban filin gwamnati kuwa ya fi ƙarfinsu. Zubair ya zo ya sami Hammawa ya ce, "Oga, saura wuri ɗaya, kuma ka san shi."

Hammawa ya yi kwanaki yana juya abin a ransa. Ranar da ya shirya, ya sa babbar riga kamar mai zuwa neman aure, ya tafi shagon Ikenna. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali, ya sake tambayar kasuwa. Daga ƙarshe dai ya sunkuyar da kai ya ce, "Maganar nan ta Asabar ɗaya naku, ɗaya namu. Ko tana nan?"

Ikenna bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi wa Hammawa ciwo.

"Oga Hammawa, wallahi da ka amsa tun farko, da na yi murna. Wasan Guduma da Bijimai shi ne wasa a garin nan, ni ma na sani. Amma Asabar ɗin mun ba yaran Kwararafa. Su suka kwashe dutse da hannu, rani da damina. Kwamiti sun ce fili ɗaya kulob biyu, ba ƙari. In ce musu su tashi saboda kai? Kai ma ba za ka yi haka ba."

"Zan kawo shanu," in ji Hammawa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ko nawa kuke so."

"Shanu sun gama aikinsu, ɗan'uwa."

Aka rufe rajista babu sunan Bijimai. 'Yan wasa matasa ne, ba za su zauna shekara guda ba ƙwallo ba. Wasu suka koma ƙungiyar Kwararafa, wasu suka bi Guduma, wasu suka rataye takalma. Zubair ne na ƙarshe. Wata safiya ya zo kara da buhu a kafaɗa, ya sauke a gaban Hammawa. Rigunan ƙungiyar ne, an wanke an ninke.

"Ban san wanda zan ba ba sai kai, Oga," in ji shi. "Na mahaifinka ne tun asali. Ka yafe mini, ni ma gobe zan fara atisaye a filin Guduma."

Hammawa ya ɗauki buhun ya kai gida ya tura ƙarƙashin gado.

Asabar ɗin da aka buɗe gasa, da la'asar, ya yi wanka ya sa hula kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya fito har bakin ƙofa. Motoci cike da 'yan kallo suna wucewa suna busa ƙaho, duk sun nufi bayan gari. Murjanatu ta leƙo ta ce, "Baban Lubna, ina zuwa?" Ya dubi titi, ya tuna Bijimai ba su cikin gasar. Sannan ya cire hular, ya koma ciki ya zauna.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba laifi ba ne mutum ya tambayi inda kuɗin aiki zai fito da yadda aka tsara shi, tambayar ma tana hana a cuci jama'a. Laifin Hammawa shi ne ba amsa yake nema ba. Ya san aikin zai yiwu, amma da yake abokan hamayyarsa ne suka fara shi, sai ya musanta abin da ya sani, ya kuma ja mutanen da suka yarda da shi suka bi bayansa. Kafin ka kushe aikin wani, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: aikin ne ba shi da kyau, ko mai aikin ne ba ka so? Wanda ya kasa raba waɗannan biyun, zai iya rasa abin da ya fi ƙauna, alhali aikin da yake yi wa dariya yana nan tsaye.